Rigar Akokon da Ban Jiƙa Ba

Mun sha wahala, babu wata magana. Duk wanda ya ce maka ƙuruciyarmu daɗi ce zalla, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma ba a Adar ya tashi ba. Ƙasar duwatsu ce. Idan bazara ta kama, baƙin dutsen nan yana shan rana tun hantsi ya riƙe ta har bayan magariba, ka taka shi da takalmin taya ka ji zafin na hawowa har gwiwa. Ruwa sai ka sauka kwari da jaki. Tufa kuwa, riga ɗaya ce ga mutum, ita ce ta gona, ita ce ta masallaci, ran da anka wanke ta ka zauna gindin bedi ka jira ta bushe. Ni ban yi karatun lakwal ba sai aji biyu, don haka abin da na gani shi nake faɗa, yadda ya zo mani.

Abin da ya tado mani da zancen nan, kasuwa na shiga kwanan baya neman yadin riga, don zafin bana ya hana ni sakat kuma jikin ya fara gajiya da haƙuri. Na bi rumfa rumfa, duk abu ɗaya ne, mai sheƙi, mai santsi, sai ka ce leda anka yi wa fenti. Na ɗauki wani na kai baki na busa, mai rumfar ya dube ni ya ce, "Baba, tofi kake yi mai?" Na aje mai kayanshi. Ba laifinshi ba ne. Ya tashi ya iske ana zaɓen riga da ido, a cikin hoton waya ma, ba da hannu ko hanci ba. Mu kuwa mun tashi da ƙarar mazari yana juyawa cikin ɗakin tsohuwa, da warin kaɗa, wato auduga, sabuwar gurza, da ƙwal-ƙwal ɗin masaƙa a bayan gari tun da safe har rana ta take. Ko da na zama saurayi masaƙun sun fara mutuwa, yadin kanti ya cika kasuwa, amma hannun mutane bai manta kaɗa ba tukuna. Tsoho zai taɓa yadi da yatsa biyu ya gaya maka ko za ka yi zufa cikinshi ka huta, ko za ka dahu.

Shekarar da nake faɗi, damina ta yi mana rowa, rumbunmu bai kai rabi ba. Garinmu yana can bayan Allakaye. Babana ya rasu tun ina ƙarami, daga ni sai Inna da ƙannena mata biyu. Sa'o'ina duk sun tafi bida, neman kuɗi can bakin teku, wasu Abija, wasu Ikko. Ni ma an ce in bi su, amma in na tafi babu mai ɗebo wa Inna ruwa daga kwari, ga idanunta sun fara rauni. Sai ga labari ya zo cewa furojen nan, babban aikin gyaran ƙasa, da ya faro daga wajen Keita ya iso duwatsunmu. Mata ne sunka fi yawa a aikin, suna ɗaukar duwatsu a ka suna jerawa, amma ana son maza kaɗan masu diga, waɗanda za su haƙa ramu a jikin dutse don su tare ruwa a dasa itatuwa. Ba kuɗi ake ba mutum ba, abinci ne, hatsi da mai. Kwana uku ake gwada ka. In ka kai, a ba ka kati, gidanku ya ci har ruwa ya sauka. In ka kasa, to ka ɗaure kayanka ka bi sa'o'inka.

Rigata a lokacin ta mutu daga baya, daga kafaɗa zuwa kafaɗa babu abin da ya rage sai zare. Ni ne ɗan Inna na fari, don haka ba ta kama sunana, ba ta ma cika dubana in tana magana ba. Tana tankaɗe ta ce wa faifai, "Wanga ba shi hawa dutsi da baya waje. Rana soye shi za ta yi." Washegari ta kwance ɗan akuyarta guda, ta aika kiran yayanta, Kawu, wanda dā masaƙi ne kafin ya naɗe masaƙarshi ya rataye. Ta ce ya raka ni kasuwar Buza a saida ɗan akuya a sai mani yadi.

Kai, murnar da na yi ran nan har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya buɗe. Tun da anka haife ni ban taɓa sa rigar da wani bai fara sa ba. Muna tafe ina jan ɗan akuya, ina gaba, Kawu na baya yana ce mani in rage sauri kasuwar ba guduwa za ta yi ba. Munka sauko daga dutse munka hango ƙura da rumfuna, na ji kukan jakuna, da kiɗan mahauta, da mai shelar magani. Da munka rabu da ɗan akuya, ban jira ba, na nufi layin ƴan yadi. Turame ne jere har rufin rumfa. Idona ya faɗa kan wani shuɗi mai walƙiya, ƙafata ta ƙi gaba.

Mai yadin sa'an Kawu ne, tare sunka yi kokawa suna yara. Ya ga inda idona yake, ya jawo turmin ya warware shi a gabana.

"Samari, ga naka nan. Targal ne, irin na ƴan Abija. Ba shi yamutsewa, ba shi son guga. Ka sa shi ka ratsa gari, ƴan mata su mance tulunansu bakin rijiya."

"Rabu da ɗan ƙanwata, tsohon ɓarawo," in ji Kawu. "Aure anka ce maka za shi? Dutsi za shi hawa."

"Ka ji masaƙin da ya rasa aiki. Tun ran da ka naɗe masaƙarka kake jin haushin duk wani yadi mai kyau."

Kawu bai kula shi ba. Ya kama gefen targal ɗin ya miƙo mani. "Kai shi baki. Sa tahin hannunka daga baya. Busa."

Na busa har kumatuna sunka yi zafi.

"Mi ka ji?"

"Ban ji komi ba."

"To haka iska za ta zo wurinka ta koma."

Ya sa anka sauko da akoko, yadin nan na kaɗa zalla mai launin madarar da ta kwana, wanda ko kallonshi ban yi ba da na shigo. Na busa, na ji numfashina ya fito ta baya ya taɓa hannuna. Dariya ta kama ni, na sake busawa, na sake. Kawu ya kwance gorarshi ya ɗiga ruwa a kan targal, ɗigon ya tsaya kamar dutsen ado ya gangara ƙasa. Ya kama kusurwar akoko ya murje ta da yatsu har wani farin gari ya zubo, sannan ya ɗiga, ruwan ya shige nan take ya bazu. Bai ƙare ba. Ya zare zare ɗaya daga kowane, ya je wurin mai shayi ya ɗora su kan garwashi. Na targal ya nannaɗe ya zama ɗan baƙin ƙullutu mai tauri, yana warin taya. Na akoko ya ci wuta ya zama toka mai laushi, warinshi kamar an ƙone kara a gona.

"Wanda ya narke ga wuta, ga bayanka ma haka za shi yi," in ji Kawu. Mutane sun fara taruwa suna kallo, mai yadin na cewa, "Ka ƙare mani kaya da ƙuna, wallahi sai ka sai turmin duka."

Akokon ma iri uku ne. Kawu ya ɗaga kowane ya duba rana ta cikinshi. Ɗaya ya yi kauri, ya ce wannan na buhu ne. Ɗaya ya yi shara-shara har ana ganin fuskar mutum, ya ce rana za ta ratsa shi ta iske fata. Ya zaɓi na tsakiya. Ni dai shuɗin bai fita raina ba gaba ɗaya, sai na nuna mai wani Buzu da ke wucewa cikin baƙaƙen kaya, na ce ai ga mai duhu nan cikin rana bai mutu ba. Kawu ya ce, "Dubi hwaɗin rigarshi, mutum uku na shiga. Kuma bisa raƙumi yake, ba diga ya riƙe ba." Anka yanka mani metir uku, anka naɗe, na rungume shi kamar jariri.

Nan ne Kawu ya faɗi maganar da ya kamata in riƙe. Ya ce farin garin nan da ya zubo ƙullu ne da masu yin yadin sunka shafa mai don ya yi tauri. Ya ce akoko yana shigewa in ya sha ruwan farko. Sai an jiƙa shi kwana biyu, a buge shi, a shanya, ya gama tsukewarshi, sannan almakashi ya taɓa shi. Aikin dutse sai citta za a fara, akwai lokaci, shi da kanshi zai ɗumka mani da hannu. Ya ce in jira shi bakin masallaci da azahar, zai je gaisuwar rasuwa cikin gari.

Da ya tafi sai na ji wata ƙara, tarrr, tarrr, daga ƙarshen layi. Keken ɗumki ne. Wani maɗumki ne da bai daɗe da dawowa daga bida ba, ya rataye riguna a igiya, irin shamis ɗin nan mai kunnuwa a wuya da maɓallai har ƙasa. Na tsaya ina kallon ƙafarshi na taka keke, allura na gudu kamar ba hannun mutum ke bi da ita ba. Na tuna ɗumkin Kawu, taguwa mai faɗi irin ta tsofaffi. Na tuna cewa in na yarda yau ɗin nan zan shiga garinmu cikin sabuwar riga, da sauran rana, kowa na ƙofar gida. Ban san lokacin da na miƙa mai yadin ba.

Ya sansana shi. "An jiƙa wanga?"

"An jiƙa."

"Ina? Cikin rana?" Ya yi dariya. "To, samari, rigarka ce."

Ya zagaya ni da igiyar awo, ƙirji, wuya, hannu. Ba a taɓa auna ni ba a duniya, sai na ji kamar wani babban ma'aikaci. Na ce ya yi ta daidai jiki, kada ta yi lilo. Kafin azahar ya gama. Na sa ta nan take, tana ƙara kamar takarda duk inda na motsa.

Kawu ya iske ni bakin masallaci. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya kama gefen rigar da yatsa biyu ya ja, bai sami abin ja ba.

"Ka bar mata wuri?"

"Daidai jikina take, Kawu."

"Shi na gani."

Duk hanya zancen gajimare ya yi ta yi. Ni kuwa na shiga gari yadda na so, yara na bina, tsofaffi na cewa a kashe lafiya. Kwana ukun nan ban bar ruwa ya taɓa ta ba, kullum da marece sai na sa ta na fita dandali.

Ranar farko ta aiki munka hau dutsen tun rana ba ta fito ba. Wanda ya san wurin yanzu ba zai gane ba, don yau akwai itatuwa da inuwa, har awaki na kwanciya a ciki, makiyaya na tsammanin haka Allah ya yi shi tun farko. A lokacin ko tsinken sakace babu. Baƙin dutse ne da sama. Mata sun fi ɗari, jere kamar tururuwa, gammo a ka, suna waƙa ɗaya na bayarwa sauran na amsawa. Diga na faɗa wa dutse tana tartsatsi, felu na kwasa, can ƙasa kamiyo, babbar motar ɗaukar duwatsu, na nishi. Shef, wato shugaban aikin, wani gajere ne mai malfa, da sandar awo a hannu, ya nuna wa kowa rabonshi. Da na fara zufa ƙullun ya narke, jikina ya yi yauƙi kamar an shafa mani miyar kuɓewa, amma da hantsi ya yi, rigar ta jiƙe sharkaf, sai iska ta taso daga kwari ta buge ni. Sanyin da na ji ban san akwai shi a bazara ba. Kusa da ni wasu biyu ne da rigunan nailan da ƴan'uwansu sunka aiko masu. Ta manne masu a jiki, sunka tuɓe, rana ta kama bayansu, ɗaya bai kai azahar ba ya sauka. Ni kuwa haƙa nake yi ina dariya ni kaɗai. Na riga kowa gama rabona. Shef ya zo ya sa sanda, ya gyaɗa kai. Na sauko ina jin katin nan kamar yana hannuna.

Ko da na isa gida rigar ta bushe a jikina ta yi tauri kamar ƙirgi, ga gishirin zufa da jar ƙasa. Dole a wanke. Na sauka kwari na wanke ta tas, na shanya a danga.

Da safe na ɗauka in sa, hannu ya shiga da ƙyar. Na ja gaba da gaba, maɓallai sunka ƙi haɗuwa sai da na riƙe numfashi. Tsawonta ya hau, cibiyata na waje. Babu wata rigar, tsohuwar kuwa Inna ta riga ta mai da ita tsumman tukunya. Haka na hau. Wata gwaggo maƙwabciyarmu na ganina ta sauke dutsen kanta.

"Ɗana, rigar ƙanenka ka aro, ko ƙiba ka yi da abincin da ba a ba ka ba tukuna?"

Layin mata duka ya ɗauka da dariya. Wannan mai sauƙi ne. Aikin diga sai ka ɗaga hannu biyu sama da kai, kuma duk ɗagawa ɗumkin hammata yana cizona kamar igiya. Tun ina jin zafi har na ji danshin da ba zufa ba ne. Gishiri ya shiga ciwon. Wuyan nan mai kunnuwa ya shaƙe ni. Iska ta zo kamar jiya, amma babu wurin da za ta shiga ta zaga, yadin ya manne. In tuɓe, na ga abin da rana ta yi wa mutumin jiya. Na koma ɗaga diga rabi rabi, dutse kuwa ba ya jin rabi. Azahar ta yi ban kai tsakiyar rabona ba. Shef ya sa sanda, ya dubi jinin da ya ɓata gefen rigar.

"Jiya kai ne gaba, yau kai ne baya. Gobe ce ta ƙarshe. In haka za ka zo, kada ka wahal da ƙahwarka."

Bayan la'asar ina zaune tsakar gida, hannuwana a buɗe kamar zakaran da ya sha duka. Inna ta turo mani kaskon man kaɗe da ƙafa. Sai ga sallamar Kawu. Labari ya riga ya kai mai. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Ya ɗauki rigar ya juya ta, ya ja yadin nan da can.

"Yadin lahiya lau yake. Yanzu ya gama shigewa. A cire wuyan ga, a tsaga ta daga hannu, ta hammata, har ƙasa, gehe biyu. A ɗaure da zare. Kahwaɗa da baya a ruhe, iska na shiga tana hita."

"Kawu, irin ta tsohhi ke nan. Mutane dariya za su yi mani."

"Sun riga sun yi yau."

"To kai ka yanka."

"A'a. Yadi ni da kai munka zaɓa. Ɗumki kai ɗai ka zaɓa."

Ya zaro askarshi ya aje kan tabarma, ya yi wa Inna sai da safe, ya fita. Ban taɓa askar ba. Gaskiya zan faɗa, raina ya fara cewa in bar dutsen nan, in tafi Abija inda ake sa shamis ba mai dariya. Ina cikin wannan ƙannena sunka fara dakan tuwon dare. Gidajen maƙwabta ma sun fara. Na ji namu ya tsaya tun nasu bai kai rabi ba.

Washegari da na dawo daga sallar asuba, gari ya fara haske, na shimfiɗa rigar kan turmi da na kifa. Na fara da wuyan, na bi ɗumkin keken nan mai kyau da aska har ya rabu. Na tsaga gefen dama, na tsaga na hagu, yankan ya karkace. Na yayyaga wuyan da na cire na yi maɗaurai da shi. Na cika hammata da man kaɗe, na zura rigar, na ɗaga hannu biyu sama har ƙarshe, babu abin da ya riƙe ni. Na hau dutse kafin kowa. Ko da mata sunka iso sunka fara shewa, ramina ya kai gwiwa, ciwon na zafi amma diga na sauka da nauyinta duka, iska na shiga ta dama tana fita ta hagu. Da hantsi shef ya biyo layi da sandarshi, yana taɓa kafaɗar waɗanda za su koma gida. Ya tsaya a kaina ya daɗe.

"Wa ya yi maka wanga ɗumki?"

"Ni."

"Ba ka iya ba." Ya sa sanda cikin ramin ya zare. "Gobe ka taho da buhu."

Ban ɗago kai ba. Na tofa miyau a tafin hannu, na ci gaba da haƙa.